Tambayoyin Masu Karatu: Idan Fayil Ya Ɓata, Shafi Ya Ƙi Buɗewa

Wasiƙun da suka zo mana a wannan watan daga Makka da Madina da Jidda da Riyad kusan duk a kan ciwo ɗaya suka haɗu: shafi ne na WordPress, manhajar gina shafukan intanet, a kan sabar haɗaka, filogin, wato ƙaramar manhajar da ake ƙara wa shafi don wani aiki, ya nemi wani fayil bai same shi ba, shafi ya tsaya cik. Sabar haɗaka, wato kwamfutar kamfanin hostin da ke ɗauke da shafukan mutane da yawa, kamar gidan haya ce mai ɗakuna da yawa, kowa da ɗakinsa amma tankin ruwa ɗaya, mita ɗaya, kuma mai gida ne ke da ikon yanke wa wanda ya cika sha. Sunayen maɓallai da saƙonnin kuskure mun bar su yadda suke fitowa a allo. Wanda cPanel ɗinsa, wato allon da yake sarrafa asusunsa na sabar, ke da Larabci zai same su a wuraren da muka faɗa, sai dai hagu ta koma dama.

Assalamu alaikum. Ina sayar da abaya da turaren wuta ta intanet daga nan Jidda, masu sayena yawanci a Kano da Damagaram suke. Daren Talata bayan Isha'i na ga filogin shida suna neman sabuntawa, na zaɓe su duka na danna. Ya daɗe yana juyawa, na rufe kwamfutar na kwanta. Da asuba shafin ya yi fari fat, sai layi ɗaya: There has been a critical error on this website. Ko wurin shiga ba ya buɗewa. Kayana da odar mutane sun tafi ke nan? — Wata Hajiya, Jidda

Wa alaikumus salam Hajiya. Kayanki ba su je ko'ina ba. Sunayen kaya da farashi da oda suna cikin rumbun bayanai, hotuna suna cikin wp-content/uploads, filogin kuma suna cikin wp-content/plugins. Na ƙarshen nan ne ya samu matsala.

Ga abin da ke faruwa idan an danna sabuntawa. WordPress zai sauke sabon filogin a dunƙule, ya kwance shi a wp-content/upgrade, ya kawar da tsohon, sannan ya saka sabon a gurbinsa. Tsakanin kawar da tsoho da gama saka sabo akwai ɗan lokacin da filogin ba cikakke ba ne. A sabar haɗaka ana ƙayyade wa kowane aiki lokaci, asalin ƙa'idar PHP, harshen da WordPress ke aiki da shi, daƙiƙa 30 ce, kuma kamfani yana iya kashe aikin da ya cika cin ƙarfin na'ura. Shida a lokaci ɗaya, ga kuma rufe kwamfuta ana tsakar aiki, ba mamaki ɗaya ya tsaya rabi da rabi. Tun WordPress 6.3 da ya fito a Agustan 2023, akan ajiye tsohon a wp-content/upgrade-temp-backup don a mayar da shi idan sabuntawa ta gaza, amma idan sabar ce ta kashe aikin ko wuri ya cika, mayarwar ma tana iya gazawa.

Fara da imel ɗin da kika buɗe shafin da shi, har da akwatin tarkace. Tun siga ta 5.2 ta shekarar 2019, WordPress yana aiko da saƙo mai ɗauke da sunan filogin da ya jawo matsalar, da wata mahaɗa ta musamman da za ta shigar da ke ciki alhali an dakatar da mai laifin. Kwana ɗaya take yi ta mutu. Idan saƙon bai zo ba, wanda hakan ya zama ruwan dare a sabar haɗaka, sai ki bi ta cPanel.

Ki buɗe File Manager, ki shiga public_html, ki nemi fayil mai suna error_log, inda ake rubuta kurakuran shafi. Ki duba wp-admin ma, yakan sami nasa. Layukan ƙasa su ne sababbi. Idan babu shi, ki buɗe wp-config.php da Edit, ki nemi layin WP_DEBUG da ke cewa false, ki maye gurbinsa da waɗannan ukun, a saman layin da ke cewa That's all, stop editing:

define( 'WP_DEBUG', true );
define( 'WP_DEBUG_LOG', true );
define( 'WP_DEBUG_DISPLAY', false );

Ki sake buɗe shafin sau ɗaya, sai fayil mai suna debug.log ya bayyana a cikin wp-content. Abin da za ki gani zai yi kama da wannan misalin:

Failed opening required '/home/shago/public_html/wp-content/plugins/kudin-aike/includes/class-farashi.php' in /home/shago/public_html/wp-content/plugins/kudin-aike/kudin-aike.php:48

A nan ne muke son ki tsaya ki karanta a hankali, domin yawancin mutane suna ganin dogon Turanci sai su tsallake, alhali layin ya gama faɗin komai. Adireshi na farko shi ne fayil ɗin da aka nema aka rasa. Na biyu shi ne wanda ya aika neman, 48 kuma lambar layin da ya yi kiran. Sunan da ya biyo bayan plugins shi ne mai laifin, a misalin nan kudin-aike. Sama da wannan layin kaɗan za ki ga wani gargaɗi da ya ƙare da No such file or directory, ma'ana babu fayil ɗin a wannan adireshin. Da a ce Permission denied ya rubuta, to fayil ɗin yana nan, hana shi buɗewa aka yi, wannan kuma wata magana ce da za mu zo kanta.

Da kin gane sunan, ki shiga wp-content/plugins, ki danna dama a kan foldar, ki zaɓi Rename, ki ƙara mata wani abu a ƙarshe, misali kudin-aike-tsoho. WordPress zai neme ta ya rasa, ya wuce abinsa, shafi ya buɗe. Idan kin shiga sashen Plugins za ki ga jan rubutu cewa an kashe filogin saboda Plugin file does not exist. Ba sabuwar matsala ba ce, abin da muke so ke nan. Sai dai idan WooCommerce, filogin da ke mayar da shafi kanti, shi kansa ne ya lalace, ƙananan filogin da ke rataye da shi, irin na karɓar kuɗi da katin banki na Mada ko na lissafin kuɗin aike, wasu za su iya tayar da nasu kuskuren, sai ki sauya musu suna su ma na ɗan lokaci.

Yanzu ki sauke cikakken filogin daga WordPress.org ko daga asusunki na wurin da kika saya. Kada ki kwance shi a kwamfutarki. Ki ɗora shi a dunƙulensa na zip cikin wp-content/plugins, ki danna dama, ki zaɓi Extract, ki goge zip ɗin, sannan ki kunna filogin daga ciki. Dalilin da ya sa muka fi son wannan hanya a kan FTP, hanyar tura fayiloli ɗaya-ɗaya daga kwamfuta zuwa sabar, shi ne, dunƙule ɗaya ko dai ya isa lafiya ko ya ƙi kwancewa ki sani nan take. Babban filogin irin WooCommerce kuwa fayiloli dubbai ne, idan ana tura su ɗaya bayan ɗaya intanet ya ɗan yi atishawa, biyu ko uku su zube a hanya ba wanda ya lura. Masu amfani da FileZilla, manhajar FTP, su riƙa duba sashen Failed transfers a ƙasa kafin su rufe.

Abu ɗaya da ba ma so ki yi: kada ki danna Delete a sashen Plugins da nufin ki sake sakawa. Wannan maɓallin yana kunna umarnin sharewa na filogin, wasu kuma da shi suke kwashe saitunansu da bayanansu daga rumbu. Sauya suna ko gogewa ta File Manager ba ya taɓa rumbun.

Idan kin gama, ki mayar da WP_DEBUG zuwa false, ki goge debug.log, domin duk wanda ya san adireshinsa yana iya karanta shi ta burauza. Idan kuma kika ga Briefly unavailable for scheduled maintenance, wani ɓoyayyen fayil ne mai suna .maintenance a public_html. Bayan minti 10 WordPress yana daina kula shi, amma za ki iya goge shi da hannu. Nan gaba ɗaya-ɗaya za ki riƙa sabuntawa, ki jira ya ce ya gama. Ki tuna kuma Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa 2: bayan Isha'inki, masu sayenki ko Magariba wataƙila ba su yi ba, suna tsakar duba kaya. Bayan sallar Asuba a Jidda su suna barci, lokacin ya fi dacewa.

Ni ɗalibi ne a Jami'ar Musulunci ta Madina, ina kula da shafin karatuttukan wani malaminmu. Na sauke filogin daga GitHub ta koren maɓallin nan, na ɗora, da na kunna sai ya ce ya rasa vendor/autoload.php. Na sake saukewa sau uku, babu wannan foldar sam. Wani abokina ya ce in ƙirƙiri fayil mara komai in sa masa wannan sunan. — Ɗalibi, Madina

Malam, ko sau ɗari ka sauke ba za ka same ta ba, domin tun asali ba a saka ta a wurin ba. GitHub wuri ne da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, kuma abin da koren maɓallinsa na Code ke ba ka ɗanyen aikin mai rubutun ne. Foldar vendor tana ɗauke da kayan wasu da ya aro, kuma wata manhaja mai suna Composer ce ke tattaro su lokacin da ake haɗa filogin don rabawa. Ka duba gefen shafin, wurin da aka rubuta Releases, ka nemi zip mai sunan filogin da lambar sigarsa. Ka guji waɗanda aka rubuta Source code a kansu, su ma ɗanyu ne. Idan babu haɗaɗɗe, sai ka saka PHP da Composer a kwamfutarka, ka shiga foldar, ka ba da umarnin composer install --no-dev, ka dunƙule foldar gaba ɗaya ka ɗora. Ka kuma cire wutsiyar -main ko -master da GitHub ke liƙa wa sunan foldar, don wasu filogin da ainihin sunansu suke neman kansu.

Shawarar abokinka kuwa rufe miki ne da tsumma. Kuskuren farko zai tafi, na biyu ya fito nan take yana cewa Class not found, domin autoload.php shi ne mai nuna wa filogin inda sauran kayan suke. Haka nan aro fayil ɗaya daga shafin wani: sai in sigarku ɗaya daidai, kuma inda fayil ɗaya ya ɓata da wuya a ce shi kaɗai ne.

Muna da ofishin hidimar masu umra a Makka. Kafin azumi muka sauya kamfanin hostin saboda na da ya cika nauyi. An kwashe komai, an ɗora, amma shafi ya ƙi tashi. Mun sauya wa foldar plugins suna gaba ɗaya, bai yi amfani ba. Kuskuren yana ambaton wordfence-waf.php, kuma ya ƙare da in Unknown on line 0. Fayil ɗin yana nan, mun gan shi da idonmu. — Wani Alhaji, Makka

Alhaji, kun gan shi a sabon gida, shi kuwa PHP tsohon gida yake zuwa nema. Ku sake duba adireshin da ke cikin kuskuren. Zai fara da /home/ sannan sunan asusunku na tsohon kamfani. Ku kwatanta da abin da cPanel ya rubuta a ƙarƙashin Home Directory a gefen allo, za ku ga sun bambanta.

Wancan Unknown on line 0 shi ne babbar alama. Yana nufin ba wani layi a cikin WordPress ne ya yi kiran ba, saitin PHP ne da kansa. Wordfence, filogin tsaron shafi, idan an ƙarfafa katangarsa, yana rubuta umarnin auto_prepend_file wanda ke cewa a karanta fayil ɗinsa kafin komai, kuma da cikakken adireshi yake rubutawa. Shi ya sa kashe filogin bai yi muku komai ba, tun kafin a iso ga WordPress aka faɗi.

A File Manager ku danna Settings a saman kusurwa, ku kunna Show Hidden Files, don fayilolin da sunansu ya fara da ɗigo ɓoyayyu ne. Ku buɗe .user.ini, ku buɗe .htaccess, in akwai php.ini shi ma. Za ku sami layin tsakanin rubutun Wordfence WAF da END Wordfence WAF. Ko ku gyara adireshin ya dace da sabon gida, ko ku cire wannan sashen gaba ɗaya. Mun fi son cirewa, sannan bayan shafi ya tashi a sake ƙarfafa katangar daga cikin Wordfence ya rubuta sabon adireshi da kansa. Kafin ku taɓa kowane ku kwafe shi gefe. Sannan ku yi haƙuri: PHP yana riƙe abin da ya karanta daga .user.ini har daƙiƙa 300, wato minti 5. Mutane da yawa sukan gyara daidai, su ga bai canza ba, su koma su ɓata abin da suka gyara.

Tun da ƙaura kuka yi, akwai wasu wurare biyu da tsohon adireshi ke maƙalewa. A cikin wp-content, kai tsaye ba cikin plugins ba, ku duba advanced-cache.php da object-cache.php. Filogin masu hanzarta shafi ne ke ajiye su, kuma sauya sunan foldar plugins ba ya kashe su. Na biyun yakan nemi Redis ko Memcached, manhajar hanzarta shafi da ke kan sabar, wanda tsohon kamfani yake da shi, sabon ba shi da shi. Ku sauya musu suna, ku mayar da WP_CACHE zuwa false a wp-config.php, in kun ga layin WPCACHEHOME ku gyara adireshinsa. Sai foldar mu-plugins, wadda duk abin da ke cikinta yana aiki ne dole ba tare da an kunna ba. Wasu kamfanonin hostin suna zuba nasu kayan a ciki, idan aka kwaso su zuwa wani gida sai su riƙa neman abin da babu.

Ku mayar wa foldar plugins sunanta. Idan kun riga kun buɗe sashen Plugins alhali sunan yana a sauye, WordPress ya kashe su duka, sai ku kunna su ɗaya-ɗaya kuna duba shafi. Kada kuma ku rufe tsohon asusun sai sabon ya yi mako guda lafiya, musamman da yake goman ƙarshe na tafe.

Wani ya sayar mini da filogin na tsara shafi a riyal 40, ya ce irin na dala da yawa ne. Ya yi wata biyu lafiya. Yanzu fayil ɗaya ke ɓacewa. In na mayar da shi da safe, kafin La'asar ya sake tafiya. Kamfanin hostin ne ke mini zagon ƙasa? — Mai sayar da dabino, Madina

Ruwa ba ya tsami banza, ɗan'uwa. Fayil ba ya tafiya da ƙafarsa, kuma wanda ke ɓacewa a kan lokaci wani abu ne ke ɗauke shi. Yawancin kamfanonin haɗaka suna da manhajar farautar ƙwayoyin cuta, irin Imunify360, mai zagaya asusun mutane. In ta ga mugun rubutu a fayil, ko ta share rubutun, ko ta killace fayil ɗin. Wani lokaci sunan yana nan amma nauyinsa ya koma 0, ka duba wannan ma. Ka shiga cPanel, sashen Security, in manhajar tana nan ka buɗe tarihinta, za ka ga sunan fayil ɗin da lokacin da aka taɓa shi da dalili. In ba ta bayyana a wurinka, ka tambayi kamfanin su duba maka.

Gaskiya ne manhajar takan yi kuskure ta kama mai gaskiya, musamman filogin da aka ɓoye rubutunsa. Da daga hannun masu shi ka saya, da mun ce ka nemi a cire shi daga zargi. Amma na riyal 40 daga hannun wani, wanda aka fasa makullin lasisinsa, mu dai ba za mu ba shi shaida ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Irin waɗannan sau da yawa akwai ƙofar baya a cikinsu, kuma duk lokacin da ka mayar da fayil ɗin, ƙofar kake sake buɗewa da hannunka.

Ka goge foldar gaba ɗaya. Ka duba sashen Users ko akwai mai gudanarwa da ba ka sani ba. Ka leƙa wp-content/uploads, wurin hotuna ne, duk fayil mai ƙarewa da .php a ciki abin tuhuma ne, ban da ƙaramin index.php da wasu filogin ke ajiyewa. Ka sauya kalmar sirri ta WordPress da ta cPanel da ta FTP da ta rumbun bayanai, ta ƙarshen ka sabunta ta a wp-config.php in ba haka ba shafi zai faɗi. Daga Updates ka danna sake saka WordPress. In kamfanin ya ba ka Terminal, wurin rubuta wa sabar umarni, umarnin wp core verify-checksums da wp plugin verify-checksums --all za su faɗa maka duk fayil ɗin da ya ɓata ko aka sauya, sai dai na biyun filogin na WordPress.org kawai yake iya tantancewa. Sannan ko ka sayi na gaskiya, ko ka koma na kyauta. Mai karɓar adireshi da lambar wayar masu sayen ajwa amana ce a hannunsa.

An ce in mayar da izinin fayiloli 777 komai zai warware. Haka ne? — Mai karatu, Riyad

A'a. Fayil 644, folda 755, shi ke nan. Lambar 777 tana nufin kowa ya rubuta, a gidan haya kuwa ba ka san maƙwabcinka ba, kuma sabar kamfanoni da yawa da gangan suke ƙin gudanar da irin wannan fayil, su ba ka kuskure mai lamba 500. Izini yana shigowa ne kawai idan saƙon ya ce Permission denied. Idan No such file ya ce alhali kana ganin fayil ɗin, ka kwatanta sunan harafi da harafi. Windows ba ta bambanta Helper.php da helper.php, Linux da sabar ke kai kuwa abubuwa biyu ne a wurinta. Ka duba kuma ko folda ta shiga cikin folda mai irin sunanta wajen kwancewa, wanda hakan ke sa filogin ya ƙi bayyana sam.

Shafinmu na makarantar Islamiyya yana da Hausa da Larabci. Ɓangaren Hausa lafiya lau, na Larabci kuwa ya wargaje, rubutu ya hau kan rubutu, wasu hotuna ma ba sa fitowa tun da muka dawo da kwafin ajiya. Babu wani saƙon kuskure. — Wata malama, Makka

Malama, wannan ma ɓatan fayil ne, sai dai irin wanda ba ya kashe shafi, saboda haka error_log ba zai ce komai ba. Burauza ce za ta gaya miki. Ki buɗe ɓangaren Larabcin a kwamfuta, ki danna F12, ki zaɓi Network, ki sake loda shafin. Duk layin da ya yi ja da lamba 404 fayil ne da aka nema aka rasa.

Muna zaton za ki ga suna mai ƙarewa da -rtl.css. Idan harshe na rubutu daga dama ne, filogin ko rigar shafi, wato theme, sukan ce a ajiye fayil ɗin tsari na yau da kullum a ɗauko takwaransa na dama zuwa hagu. In takwaran babu, ba a koma kan na farko, wurin ya zauna ba tsari. Ki sauke sabon zip na wannan filogin ki buɗe a kwamfutarki. In fayil ɗin yana ciki, a hanya ya zube, ki je Plugins, Add Plugin (Add New a tsohuwar siga), Upload Plugin, ki ɗora. Tun siga ta 5.5 ta 2020 WordPress yana tambaya ko a maye gurbin wanda ke nan, ki amsa. In babu shi ko a cikin zip ɗin, mantuwar mai filogin ce. Kafin ya gyara, ki kwafi fayil ɗin asali ki sa masa sunan da ake nema. Ba zai yi kyau sosai ba amma ya fi wargajewa, kuma sabuntawa ta gaba za ta share shi.

Hotunan kuwa ki duba sunayensu a File Manager. Waɗanda aka raɗa wa suna da Larabci, ko da ƙ da ɗ da ɓ, idan aka dunƙule su a wata na'ura aka kwance a wata, sunan yakan rikiɗe ya koma alamomi marasa ma'ana. Hoton yana nan, sunan da rumbu ya sani ne ya ɓace. In kaɗan ne ki gyara sunayen da hannu su dace da adireshin da ya yi ja. In suna da yawa, a sake dawo da foldar uploads daga ajiyar sabar kai tsaye ba tare da ta bi ta kwamfuta ba. Daga yau sunan hoto ya zama da haruffan boko marasa lanƙwasa, da lambobi, da ɗan layi a maimakon sarari.

Na bi duk matakan sake saka filogin, amma kullum Extract sai ya tsaya a tsakiya, kowane karo fayil daban ne ke ɓata. Kunshin da na saya an rubuta wuri mara iyaka. — Mai gyaran waya, Jidda

Nauyi ne mara iyaka a takarda, adadi kuwa yana da iyaka. Kowane fayil da kowace folda suna cin gurbi ɗaya da ake kira inode, ko da babu komai a cikinsu, kuma kamfani yana yanka wa kowane asusu adadinsa. Da ya cika, ba a iya ƙirƙirar sabon fayil, shi ya sa kwancewa ke tsayawa inda gurbi ya ƙare. Ka duba Statistics a gefen cPanel, ka nemi File Usage ko Inodes, ka kwatanta da Disk Usage.

Masu cinye gurbi sanannu ne. Foldar wp-content/cache, wadda za ka iya kwashe abin cikinta ba fargaba. Imel, domin kowane saƙo fayil ne, akwatin da aka shekara ba a buɗe ba yana iya tara dubbai. Hotuna, domin kowane ɗaya da ka ɗora WordPress yana yanka masa ƙanana masu girma daban-daban. Sai tsofaffin shafukan gwaji da aka manta da su a public_html. Kwafin ajiya na Softaculous, manhajar saka WordPress da ke cikin cPanel, da na filogin su nauyi suka fi ci, ka sauke su zuwa kwamfutarka ka goge na sabar.

Ga tarkon da ke kama mutane: gogewa a File Manager ba gogewa ba ce, fayil yana komawa ɓoyayyiyar folda mai suna .trash, kuma ana ci gaba da lissafa maka shi. Ko ka yi alama a kan Skip the trash lokacin gogewa, ko ka danna View Trash sannan Empty Trash. Lambar da ke Statistics takan ɗan jinkirta kafin ta sauka.

In ka yi duk wannan bai warware ba, ka rubuta wa kamfanin. Kada ka ce musu shafina ba ya aiki kawai. Ka manna layin kuskuren gaba ɗayansa, ka faɗi rana da sa'ar da abin ya fara tare da cewa agogon Saudiyya ne, ka faɗi abin da ka danna na ƙarshe, sannan ka tambaye su abu uku: ko asusunka ya taɓa iyakarsa a wannan lokacin, ko an killace wani fayil, da kuma kwafin ajiya na wace rana suke da shi. In za su dawo maka da ajiya, ka ce foldar wannan filogin kaɗai kake so, ban da rumbun bayanai, don kada odar da ta shigo bayan ranar ajiyar ta tafi.